Shin muhawarar addini a intanet tana sa mutum ya karɓi Almasihu?

"Baba Fasto, barka da aiki. Ni matashi ne a nan Sakkwato, ina cikin ƙungiyar matasan ikilisiyarmu. Kusan shekara biyu ke nan ina shiga muhawara da Musulmi a Facebook da TikTok kan Allahntakar Yesu, da gicciye, da ingancin Littafi Mai Tsarki. Wani lokaci har ƙarfe biyun dare ina rubutu. Mahaifiyata tana ta cewa in daina, abokaina kuma suna cewa wannan ma bishara ce. Amma har yau ban ga wanda ya ce mini ya karɓi Almasihu saboda abin da na rubuta ba. Shin wannan muhawara tana juyo da mutum kuwa, ko data kawai nake ƙonawa?"

Ɗana, sannu da ƙoƙari. Na ji daɗi da ka tsaya ka tambayi kanka, domin da yawa daga tsararrakinka ba su taɓa tsayawa ba. Tambayarka biyu ce a haɗe. Ta farko, ko hujja tana iya raba mutum da addinin da aka haife shi a ciki. Ta biyu, ko dandalin da kake kai hujjar, inda ɗaruruwan idanu suke kallo, ya dace da wannan aiki. Amsata a gajarce ita ce da wuya ƙwarai muhawarar fili ta kawo mutum ga Almasihu, kuma a garin da muke zaune tana da wani farashi da ba kai kaɗai kake biya ba. Tana da ɗan amfani, zan faɗa maka inda yake, amma ba inda abokanka suke zato ba.

Na yi sama da shekara ashirin ina koyar da ajin baftisma, da farko a ƙasar Zuru, daga baya a nan. Duk babban mutumin da ya zo daga wani addini, ko na gargajiya ko Musulunci, ina yi masa tambaya ɗaya a zamanmu na farko: me ya fara kawo ka? Na ji amsoshi iri-iri. Wani ya ce maƙwabciyarsa ce ta yi jinyar uwarsa wata uku ba ta taɓa gajiya ba. Wani ya ce mafarki. Wata ta ce ta tsinci Linjilar Luka da Hausa a ɗakin ƙawarta, ta karanta a ɓoye. Wani ya ce addu'a aka yi wa ɗansa ya tashi. Ban tuna ko mutum ɗaya da ya ce an ƙure shi a muhawara ne ya rasa ta cewa, sai ya zo ba.

Ba yau aka fara ba

Kada ka ɗauka intanet ce ta kawo wannan abu. Tun wajajen shekarar 781 shugaban Ikilisiyar Gabas, Timoti na Ɗaya, ya zauna da Halifa al-Mahdi a Bagadaza kwana biyu suna tattauna kusan waɗannan tambayoyin da kake fama da su yau. An yi cikin mutunci, aka tashi kowa yana kan addininsa.

Wadda ta fi koya mini darasi ita ce ta birnin Agra a Indiya, cikin watan Afrilun 1854. Wani mai bishara Bajamushe, Karl Pfander, ya yi muƙabala a bainar jama'a da Shehu Rahmatullah Kairanawi kan batun ko an gurɓata Littafi Mai Tsarki. Shehun ya zo da shiri sosai, da taimakon wani likita, Wazir Khan, wanda ya karanta littattafan masanan Turai da ke sukar nassin Littafi Mai Tsarki. Jama'ar da ta halarta ta tashi da cewa Musulmi ne suka yi rinjaye, kuma littafin da Shehun ya rubuta daga baya, Izharul Haƙƙ, har yau ana karanta shi. Amma a cikin malaman da ke ɓangaren Musulmi a lokacin akwai wani mai suna Imaduddin, wanda aka yi wa baftisma a 1866, shekara 12 bayan muƙabalar. Abin da ya tayar da shi, labari ne ya same shi cewa tsohon abokinsa Safdar Ali ya zama Kirista, sai ya ɗauki Sabon Alkawari yana karantawa don ya samu abin da zai dawo da abokin. Ka lura da abubuwa biyu a nan. Ɓangaren da ake ganin ya sha kaye a fili shi ne daga baya ya samu mutumin. Kuma abin da ya kai shi ga buɗe littafin aboki ne, karatun kuma shi kaɗai ya yi shi a ɗaki, ba mai tafi ba mai ihu.

Mu da muka girma a zamanin kaset mun ga irin wannan da idonmu. Muhawarar malamin Musulunci Ahmed Deedat da mai wa'azin Kirista Jimmy Swaggart da aka yi a Amurka a 1986 ta zagaye Arewa kaf a bidiyo. Musulmi suka kalla suka ƙara sakankancewa, Kiristoci suka kalla suka ce Swaggart bai iya ba ne, da wani aka tura da labari ya sha bamban. Ko a tsakanin 'yan'uwanmu Musulmi, tun kafa Izala a Jos a 1978 ake muƙabala tsakaninta da 'yan ɗariƙa, kuma bayan kowace muƙabala almajiran kowane malami su ne ke fara shelar cewa nasu ya yi nasara.

Me ya sa hujja ba ta cika shiga ba

Fara da kanka. A cikin shekara biyun nan, tabbas an taɓa jefo maka tambayar da ka kasa amsawa, wata aya da ake cewa ta ci karo da wata, ko wata tambaya kan Triniti, wato Allah ɗaya cikin Uku, da ta ɗaure maka kai. Me ka yi? Ka tafi masallaci ka ce a ba ka kalmar shahada? Ba ka yi ba. Ka kwana da abin, gari ya waye ka nemi fasto ko ka bincika har ka samu amsa, kuma ko da ba ka samu mai gamsarwa ba ka ce a ranka lallai akwai amsa, ni ne ban san ta ba. To, Musulmin da kake ƙurewa haka yake yi, kuma ba taurin kai ba ne. Bangaskiyar mutum ba a kan hujja ɗaya take tsaye ba, balle a zare ta ginin ya rushe. Tana tsaye a kan uwar da ta koya masa addu'a, da malamin da ya riƙe masa allo, da azumin da ya yi tun yana yaro, da lokutan da ya roƙi Allah ya ga biyan bukata.

Sai batun idon jama'a. Bahaushe yana iya yarda da kuskurensa in kun keɓe ku biyu. A gaban mutane kuwa, kunya da mutunci sun shiga, ba gaskiya ake nema ba kuma, kare kai ake yi da kare gida. A dandalin sada zumunta kowa yana tare da 'yan kallonsa, abokansa da 'yan'uwansa da ɗaliban malaminsa suna gani. Ko da maganarka ta taɓa shi, ba shi da hanyar da zai ce "ka yi gaskiya" ba tare da ya tozarta kansa a gabansu ba. Kai ma haka.

Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun gwada wannan. A 1979 wasu masana uku a Jami'ar Stanford, Lord da Ross da Lepper, sun tara masu goyon bayan hukuncin kisa da masu adawa da shi, suka ba su hujjoji iri ɗaya, wasu na goyon baya wasu na suka. Kowane ɓangare ya karɓi wadda ta dace da ra'ayinsa, ya tsefe ɗayar yana neman aibinta, aka tashi kowa ya ce ya ƙara ƙarfi a inda yake. A 2018 kuma Christopher Bail da abokan aikinsa suka biya wasu Amurkawa kuɗi don su riƙa bin saƙonnin ɓangaren siyasar da suke adawa da shi a Twitter har wata guda. Ba su sassauto ba, 'yan jam'iyyar Republican ma ƙara tsauri suka yi. Waɗannan bincike kan siyasa aka yi su, a wata ƙasa, don haka ba na ɗora musu nauyin da ya fi ƙarfinsu. Amma idan ra'ayin siyasa yana da wannan taurin, ina ga addini.

Ka haɗa da yadda dandalin kansa yake aiki. Abin da ya fi tayar da hankali shi ya fi samun martani, abin da ya fi samun martani shi ake ƙara turawa mutane. Amsa mai natsuwa da ka ɓata awa guda kana rubutawa mutum goma za su gani, baƙar magana ta layi ɗaya kuwa sai ta zagaye gari. A hankali marubucin yakan koyi abin da ke kawo masa jama'a, harshensa ya ƙara kaifi bai sani ba.

Akwai kuma abin da matasan da aka haifa cikin ikilisiya ba su cika aunawa ba, wato abin da mutum zai rasa. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin sauya addininsa, haka ne. Amma Basakkwacen da ya bar Musulunci yana iya rasa matarsa da 'ya'yansa, da gadonsa, da rumfarsa a kasuwa, da gaisuwar mahaifiyarsa, wani lokaci dole ya bar garin. Na zauna da mutanen da suka biya wannan farashi, na ga hawayensu. Ba wanda zai ɗauki wannan kaya don wani baƙo mai sunan aro ya fi shi iya jera ayoyi da tsakar dare.

Abin da yake kawo mutane

A 1965 John Lofland da Rodney Stark sun wallafa nazarin da suka yi kan wata ƙaramar ƙungiyar addini a Amurka, inda suka zauna suna kallon waɗanda suke shiga da waɗanda suke ji su wuce. Suka ga waɗanda suka shiga su ne waɗanda dangantakarsu da 'yan ƙungiyar ta fi ƙarfin dangantakarsu da na waje. Koyarwar takan zauna daga baya. In ka tambayi mutumin bayan shekaru zai ce koyarwar ce ta jawo shi, amma masu kallo sun ga aboki ko ɗan'uwa ne ya fara riƙo hannunsa.

Wanda ya fi kusa da tambayarka shi ne na Dudley Woodberry na makarantar tauhidi ta Fuller. Tsakanin 1991 da 2007 an tambayi mutum 750 da suka bar Musulunci suka bi Almasihu, daga ƙasashe 30, abin da ya fi tasiri a kansu. Abin da ya zo na ɗaya shi ne irin zaman da suka ga Kiristoci suna yi. Bayansa sai amsar addu'a da warkarwa. Ka riƙe wannan da hankali, domin waɗanda suka riga suka tuba kaɗai aka tambaya, ba a ji daga bakin dubban da suka ga zaman Kiristoci suka ci gaba da addininsu ba. Ni ma ajin baftismata haka yake, wanda ya iso ƙofata kaɗai nake gani. Duk da haka, bakinsu da na mutanen da na koyar ya zo ɗaya.

Tarihinmu na nan ma haka ya nuna. Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan mishan wa'azi a cikin masarautun Musulmi. Ƙofar da ta buɗe wa mishan ta SIM a lardin Sakkwato a ƙarshen shekarun 1930 ita ce jinyar kutare a Amanawa, kuma da dama daga Hausawa da Fulanin farko da suka bi Almasihu a wannan yanki ta irin waɗannan wurare suka fito, inda wani ya wanke musu gyambo lokacin da dangi suka guje su. A ƙasar Zazzau kuma, zuriyar Isawa, almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano saboda yadda ya ɗaukaka Annabi Isa, su ne da kansu suka nemi ɗan mishan Dokta Walter Miller a 1913. Tambayar tana cikinsu tun kafin su ga mai bishara.

A nan dole in ja maka kunne, domin na ga inda wannan magana take karkacewa. Idan ka ji cewa alheri ne ke jawo mutane, sai ka mayar da alheri ƙugiya, ka lalata shi. Musulmi sun daɗe suna zargin cewa da magani da makaranta aka sayi mutane, kuma duk inda mai ciwo ya ji cewa sai ya saurari wa'azi za a duba shi, zargin yana da tushe. Maƙwabcinka Musulmi ba aikin da aka ba ka ba ne, mutum ne. Ka ƙaunace shi ko zai mutu yana Musulmi, domin yawancinsu haka za su yi, kuma ba a ce ka daina gaishe su ba.

Inda hujja take da wurinta

Ban ce a jefar da ilimi ba. Manzo Bulus ya yi muhawara a majami'u da kasuwar Atina, kuma Ayyukan Manzanni sura 17 ba ta ɓoye sakamakon ba: waɗansu suka yi masa ba'a, waɗansu suka ce sai wani jiƙon, kaɗan suka ba da gaskiya, cikinsu har da Diyonisiyas da wata mace mai suna Damaris. Bitrus ma ya ce mu zauna a shirye mu ba da amsa ga mai tambayar dalilin begenmu, amma da tawali'u da bangirma. Ka lura, mai tambaya ya ce. Yawancin waɗanda kake kwana kana fafatawa da su ba tambaya suke yi ba, kai ma ba tambayarsu kake yi ba.

Mutane sukan kawo misalin Nabeel Qureshi, Ba'amurke ɗan asalin Pakistan da ya zama Kirista a 2005 bayan doguwar muhawara da wani Kirista mai suna David Wood. Gaskiya ne hujja ta yi aiki a kansa. Amma su biyun abokai ne na ƙut da ƙut tun a jami'a, sun shafe shekaru suna ci tare suna tafiya tare, kowa ya san ɗayan ba zai guje shi ba ko an tashi baram-baram. Hujjar ta samu shiga ne saboda bakin da ta fito.

Amfanin da na yarda rubutun intanet yana da shi, ga mai karatu shiru yake. Akwai mutanen da ba su taɓa sa baki ba, suna dai bi suna karantawa, waɗansu da tambayar da ba za su iya yi wa kowa a gida ba. Irin wannan mutum zai amfana in ya ga an bayyana a natse cewa Kirista ba ya bauta wa alloli uku, cewa Maryamu ba ta cikin Triniti, cewa in mun ce Ɗan Allah ba muna nufin Allah ya yi aure ya haihu ba. Ko bai tuba ba, ya rage ƙyamar maƙwabcinsa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a garin nan. Wani magidanci da na koyar ya gaya mini ya fi shekara yana bin irin wannan muhawara. Na ce wace hujja ce ta kama shi. Ya ce shi ba ya tuna hujjojin, abin da ya tsaya masa a rai wani Kirista ne da aka zagi iyayensa, ya amsa da addu'a, kuma washegari ya dawo ya ce ya yi kuskure a wata aya da ya kawo. Ko shi ɗin ma, da ya tashi neman wanda zai yi wa magana, wurin abokin aikinsa na shekara da shekaru ya tafi.

Ka sani kuma ƙofar nan biyu take buɗewa. Na san matasanmu da suka shiga muhawara da rabin ilimi suka fito Musulmi, na san waɗanda suka ga yadda kowane ɓangare ke yayyaga littafin ɗayan suka fito ba su yarda da kowane ba.

Nan Sakkwato ce

Yanzu ga maganar mahaifiyarka. Ba tsoro ne kawai irin na uwa ba, ta san garin da take zaune. Kowa a nan yana tuna ranar 12 ga Mayun 2022, da aka kashe ɗalibar nan Kirista kan zargin ɓatanci a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, kuma daga saƙon murya a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu abin ya taso. Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya yi tir da kisan, Bishop Matthew Kukah ma haka, ya kuma roƙi jama'a su kwantar da hankali. Duk da haka bayan kwana biyu sai da aka taɓa majami'u da shaguna, gwamnati ta sa dokar hana fita. A Yunin 2023 kuma wani mahauci, shi Musulmi ne ma, ya rasa ransa a mayankar garin nan kan zargin ɓatanci. Babu abin da ya halatta kisan nan ko ɗaya, ina faɗa da babbar murya. Amma magana zarar bunu ce, ta intanet kuma ta fi muni, domin ana ɗaukar hotonta a yanke farkonta da ƙarshenta a tura inda ba ka taɓa zato ba. Ko ka ɓoye sunanka, ba ka ɓoye 'yar'uwar da ke sayar da kaya a kasuwa ba, ko ɗalibin da ke kwana a ɗakin makaranta. Su za a fara samu.

Don haka ga abin da nake ba ka shawara. Ka fita daga duk muhawarar da ta koma kan Annabin Musulunci ko Alƙur'ani. Ba aikinka ba ne ka rushe abin da wani yake girmamawa, kuma ban taɓa ganin wanda aka zagi abin ƙaunarsa ya biyo mai zagin ba. Bulus ya gaya wa Timoti ya guji gardamar banza da ke haifar da faɗa, ya ce bawan Ubangiji ba mai husuma ba ne, mai sauƙin hali ne ga kowa. Su ma Musulmi littafinsu ya umarce su kada su yi jayayya da Ma'abota Littafi sai ta hanya mafi kyau, kuma akwai masu riƙe da wannan da gaske. In ka samu irinsu, ka riƙe su, za ka ƙaru da su.

In kana son rubutu, ka rubuta abin da ka gaskata da dalilin da ya sa, da Hausa mai daɗi, ba tare da ka ambaci addinin kowa ba. Cikakken Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, amma Hausawa da yawa ba su taɓa jin Huɗubar Kan Dutse ko misalin ɗan da ya ɓace da harshensu ba. Wanda ya yi maka tambaya ta gaskiya, ka amsa gwargwadon saninka, inda ba ka sani ba ka ce sai ka tambayo. Wanda ya zo da zagi, ka yi masa fatan alheri sau ɗaya ka wuce.

In kuma wata rana wani ya biyo ka ta saƙon sirri ya ce yana son ƙarin bayani, kada ka yi gaggawa, kada ka ɗauki hoton hirarku ka nuna wa abokai a matsayin shaida, domin ransa kake wasa da shi. Kada ka yi masa alkawarin kuɗi ko aiki ko mafaka. In yaro ne da bai kai shekara 18 ba, ka dakata nan take ka sanar da dattawan ikilisiya. In babba ne, ka gaya masa gaskiyar abin da zai iya fuskanta, ka bar shi ya yi tunani iya son ransa, ka kuma sanar da fastonka kafin ka yarda ku haɗu, domin ba duk mai cewa yana nema ne yake nema ba.

Ka zo ofishina ranar Asabar bayan an tashi daga koyon waƙa, ka taho da wayarka. Ina so mu zauna mu karanta abin da ka rubuta a watan da ya wuce, layi bayan layi, mu ga wanne za ka iya maimaitawa a gaban maƙwabcinku Musulmi kuna zaune a tabarma ɗaya. Ka gaida mini mahaifiyarka.